Gwanintar Sayar da Gidan da Doka Ke Ɗauka Tamkar Mota

A Amurka akwai sama da mutum miliyan 20 da ke kwana suna tashi a gidajen da ba magina ne suka ɗora su bulo bisa bulo ba. A masana'anta aka ƙera su, tun daga bango da rufi har wayar lantarki da bututun ruwa, aka ɗora su a kan casis na ƙarfe mai tayoyi, sannan babbar mota ta ja su zuwa inda za su zauna. Wanda ya shiga ciki zai tarar da falo da ɗakunan kwana da kicin da banɗaki, kamar kowane gida. Sai ranar da mai shi ya tashi sayarwa bambancin ke fitowa fili. A jihohi da dama, takardar mallakar irin wannan gida daga ofishin rajistar motoci take fitowa, filin da yake zaune a kai kuwa sau da yawa na wani ne daban. Shi ya sa sayar da ƙerarren gida ya zama sana'a mai zaman kanta, kuma waɗanda suka ƙware a kanta sun isa a tsaya a dubi yadda suke aiki.

Wannan baƙon matsayi gādo ne. Kakannin waɗannan gidaje ƙananan tireloli ne da Amurkawa ke ɗaurawa a bayan mota su tafi yawon hutu a shekarun 1920 da 1930. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, aka riƙa zuba ma'aikatan masana'antun makamai a cikinsu saboda ƙarancin muhalli. Bayan yaƙi tirelolin suka ƙara faɗi da tsawo har suka daina yawo, amma ofisoshi suka ci gaba da rubuta su a kundin ababen hawa. A 1974 majalisar dokokin ƙasar ta kafa dokar ingancin ƙira, ta ɗora wa ma'aikatar gidaje ta tarayya, wato HUD, alhakin kula da ita, kuma ƙa'idojin suka fara aiki ranar 15 ga Yuni, 1976. Dokar ta daidaita yadda ake ƙera gidajen a faɗin ƙasar, amma ta bar wa jihohi batun rajista da mallaka. Don haka abin da ya wadatar a Fulorida ba lallai ya wadatar a Teksas ba.

A ido, cinikin na mutum biyu ne, mai sayarwa da mai saye. A takarda kuwa hannaye da yawa ne ke riƙe da gidan: na mai bashi, na mai karɓar haraji, na mai fili, wani lokaci har da na mamaci. Aikin gwani, ko dillali ne mai lasisi ko ma'aikacin kamfanin da ke kammala ciniki, shi ne ya gano kowane hannu, ya sa ya saki, kafin kwabo ya motsa.

Kaya ne ko ƙasa?

Sabon shiga da farashi yake farawa. Gwani kuwa tambayoyi uku yake fara yi wa mai gida: “Filin naka ne ko haya kake yi? Takardar mallakar tana ina? Sunan wa ke jikinta?” Amsoshin su za su nuna masa wace doka ce ke mulkin cinikin.

Idan gidan yana zaune a filin haya, yawanci doka na ɗaukarsa a matsayin kaya, ajinsu ɗaya da mota da kwale-kwale. Ana sayar da shi ta hanyar sa hannu a takardar mallaka, a kai ta hukumar jiha a sauya suna. A Fulorida hukumar kula da motoci ce ke da wannan aiki, ta hannun ofishin haraji na gunduma. A Kalifoniya hukumar gidaje ta jiha ce. A Teksas akwai sashe na musamman a hukumar gidaje da ke ba da takardar shaidar mallaka, inda ake rubuta ko mai gida ya zaɓi a ɗauki gidansa a matsayin kaya ko a matsayin ɓangaren ƙasa. New Hampshire ta bi tata hanya: can ana ɗaukar gidan da aka girke a matsayin dukiya marar motsi, ana sayar da shi da irin takardar da ake sayar da fili, ko da a filin haya yake.

Idan kuwa mai gida shi ke da filin, doka ta ba shi damar haɗe su su zama abu ɗaya. Zai cire tayoyi, ya ɗaure gidan a kan harsashi na dindindin, ya miƙa takardar mallakar ga jiha a soke ta, sannan ya yi rajistar takardar rantsuwa a ofishin gunduma cewa gidan ya zama ɓangaren ƙasar. Mishigan da Arizona duk suna da irin wannan takarda. Daga ranar, wanda ya sayi filin ya sayi gidan.

Tarkon yana tsakanin waɗannan biyun. Mutum zai shekara ashirin a gidansa, a filinsa, ya yi baranda ya dasa itatuwa, a ransa gida da fili duk ɗaya ne, alhali ba a taɓa soke tsohuwar takardar ba. Mai saye da ya karɓi takardar fili kawai ya mallaki ƙasa, amma ɗakin da yake kwana a ciki yana nan da sunan wani a kundin jiha. Gwani ba ya yarda da abin da ido ya gani, ba ya ma yarda da abin da mai gida ya gaya masa da zuciya ɗaya. Kundi biyu yake dubawa, na jiha da na gunduma, sai ya ga bakinsu ya zo ɗaya.

Wannan bambanci har aljihu yake taɓawa. Gidan da ke ajin kaya ba ya samun rancen gida na yau da kullum. Rancen kaya ake ba mai sayensa, mai kuɗin ruwa mafi tsada da wa'adi mafi gajarta. Wani rahoto da hukumar kare masu hulɗa da cibiyoyin kuɗi ta tarayya ta fitar a 2021 ya nuna cewa kusan kashi 42 cikin 100 na rancen sayen ƙerarrun gidaje irin wannan ne. Masu ba da shi kuma 'yan ƙalilan ne, biyu daga cikin manyansu, 21st Mortgage da Vanderbilt, na kamfanin Clayton Homes ne, wanda Berkshire Hathaway na Warren Buffett ya saya a 2003. Gwani ya san cewa darajar gida ba ta wuce abin da masu saye za su iya rantowa ba. Shi ya sa wani lokaci yakan ba mai gida shawarar ya jinkirta talla, ya fara haɗe gida da fili a takarda, domin ƙofar rance mai sauƙi ta buɗe wa masu saye, farashi ya ɗaga da kansa.

Karatun jikin gida

Bayan ya san ajin gidan, sai ya koma jikinsa. Duk gidan da aka ƙera daga tsakiyar 1976 yana ɗauke da wani jan ƙarfe ɗan ƙarami, mai kimanin inci biyu da huɗu, manne a bayan kowane sashe daga waje. Shi ne shaidar cewa an ƙera shi bisa ƙa'idar HUD. A ciki kuma akwai wata takarda da masana'anta ke liƙawa kusa da akwatin lantarki, ko a cikin kabad ɗin kicin, ko a ma'ajiyar tufafi ta ɗakin kwana. Tana ɗauke da sunan masana'anta, ranar ƙira, lambar gidan, da taswirorin da ke nuna irin iska da sanyi da nauyin dusar ƙanƙara da aka ƙera shi ya jure. Lamba ta uku tana ƙasa, an buga ta a ƙarfen gaba na casis. Gwani yakan durƙusa da tocila ya karanta ta da idonsa, kamar yadda dillalin mota na kirki a Kano ba ya sallamawa sai ya haɗa lambar casis da ta inji da abin da ke rubuce a takardun kwastan. Harafi ɗaya ya saɓa, ofis zai maido da takardun.

Jan ƙarfen nan yakan ɓata. Mai fenti ya shafe shi, ko mai sabunta bango ya ɓamɓare shi ya jefar. HUD ba ta sake ba da wani. Abin da ake yi shi ne a nemi wasiƙar tabbatarwa daga cibiyar IBTS, wadda ke riƙe da kundin lambobin. Wanda ya san aiki tun makon farko yake tura wannan buƙata, domin ya san banki zai tambaya. Rancen da hukumar gwamnatin tarayya ta FHA ke tsaya wa, alal misali, yana da sharuɗɗa masu tsauri ga gidan da aka haɗe da fili: a ƙera shi bayan 15 ga Yuni, 1976, faɗin cikinsa kada ya gaza murabba'in ƙafa 400, injiniya ya ba da shaidar ingancin harsashinsa, kuma kada ya zama an taɓa girke shi a wani wuri kafin nan. Gwani yana riƙe da waɗannan a ka, don haka ba ya ɓata wa mai saye wata guda yana bin rancen da gidan bai cancanta ba.

Taswirar iskar nan ma ba ado ba ce. A Agustan 1992 guguwar Andrew ta ragargaza irin waɗannan gidaje a kudancin Fulorida, abin da ya sa aka tsaurara ƙa'ida a 1994. Ƙasar ta kasu shiyya uku gwargwadon ƙarfin iska, kuma gidan da aka ƙera don shiyya ta ɗaya ba a yarda a girke shi a ta biyu ko ta uku ba. Fulorida gaba ɗayanta a shiyya ta biyu da ta uku take. Wanda ya tsinci gida mai araha a tsakiyar ƙasar da niyyar ja shi zuwa gaɓar teku zai iya ƙarewa da gidan da ba shi da inda zai ajiye. Kallo ɗaya gwani zai yi wa takardar kabad ya faɗa masa gaskiya.

Sai kuma batun ƙidaya. Gida mai faɗi biyu rabi-rabi ake kawo shi a haɗa a wurin zama. A Fulorida kowane rabi da tasa takardar mallaka. Mai saye da ya tafi da takarda ɗaya rabin gida ya saya, kuma ba zai sani ba sai ranar da shi ma ya tashi sayarwa.

Wanke takarda

Nan ne haƙuri ke aiki. Gwani yana karanta takardar mallaka kalma bayan kalma. Idan sunaye biyu ne a jiki, yana duba abin da ya haɗa su. A jihohi da dama, in an rubuta wane ko wance, ɗayansu ya isa ya sa hannu. In an rubuta wane da wance, dole sai duka biyun. Miji da mata da suka rabu shekara goma, ɗaya ya koma wata jiha, sai an nemo shi. In ɗaya ya rasu, sai an kawo takardar shaidar mutuwa, wani lokaci har da hukuncin kotun gado ko takardar rantsuwar magada, gwargwadon dokar jihar. 'Ya'yan da suka gaji gidan mahaifiyarsu sukan ɗauka riƙe makulli shi ne mallaka. Gwani yakan zaunar da su cikin ladabi ya nuna musu cewa kafin su sayar, sai sunan ya fara sauka a kansu.

Bayan suna sai bashi. Wanda ya ba da rancen sayen gidan ana rubuta sunansa a takardar a matsayin mai haƙƙi, kuma biyan bashin kaɗai ba ya goge shi. Sai ya ba da takardar saki, an kai ta ofis. Mutane da yawa sun gama biya tun da daɗewa, wasiƙar sakin ta zo sun jefa a durowa, ko ba ta zo ba sam. Kafin a waiwaya, kamfanin ya rushe ko wani ya haɗiye shi. Bin sawun wanda ya gaji kundin wancan kamfani, da samo wanda ke da ikon sa hannu a madadinsa, aiki ne na waya da wasiƙa da naci wanda ba ya fitowa a hoton talla. In kuwa har yanzu da sauran bashi, gwani yana neman mai rancen ya rubuto adadin da zai rufe asusun zuwa wata ƙayyadaddiyar rana, domin kuɗin ruwa kullum ƙaruwa yake.

Hannu na gaba na mai haraji ne. A Kalifoniya, gidajen da aka fara sayarwa sababbi daga 1 ga Yuli, 1980 suna biyan harajin gida ga gunduma, kuma jiha ba ta sauya suna sai an kawo takardar shaidar cewa ba a bin gidan komai. Teksas ma tana neman shaidar biyan haraji, kuma bashin haraji yana bin gidan ne ko hannun wa ya koma. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Duk waɗannan takardu gwani yana tattara su ne kafin ya kafa allon sayarwa, domin mai saye da aka bari yana jira makonni yakan sauya ra'ayi.

Mai fili

A unguwannin da ake hayar fili, waɗanda suka haura 40,000 a faɗin ƙasar, akwai wanda ba shi da ko ƙusa ɗaya a gidan amma maganarsa na iya rushe ciniki. Mai saye ba gida kaɗai yake saye ba, yana neman izinin zama a filin wani. Masu unguwa sukan binciki kuɗin shigarsa da tarihin biyan bashinsa kafin su amince. Wasu unguwannin na dattawa ne: dokar tarayya ta 1995 ta ba su damar taƙaita zama ga tsofaffi matuƙar kashi 80 cikin 100 na gidajen da ke da mazauna suna da aƙalla mutum ɗaya da ya kai shekara 55. Matashi mai iyali da ya biya kuɗi kafin ya tambaya ya yi cinikin biri a sama.

Wasu jihohi sun taka wa masu unguwa burki. A Kalifoniya dole su ba da amsa a rubuce cikin kwanakin aiki 15 bayan sun karɓi cikakkun bayanan mai saye, kuma ba su da ikon ƙin wanda ke da halin biyan haya sai da dalilin da doka ta yarda da shi. Gwani ya san wannan, amma ya fi son kada a kai ga ambaton doka. Tun da wuri yake zuwa ofishin manaja ya sanar da niyyar sayarwa, ya tambayi ko ana bin mai gida kuɗin haya, ya karɓi kwafin dokokin unguwa, ya kuma nemi a rubuta masa nawa sabon mazauni zai riƙa biya. Wannan adadi na ƙarshe yana da nauyi, domin duk dalar da ta ƙaru a hayar fili raguwa ce a abin da mai saye zai iya biya don gidan. A yarjejeniyar ciniki kuma yana sa sharaɗi ƙarara: in unguwa ba ta amince ba, kafin alƙalami ya koma wa mai shi.

Mai karatu zai ce, in mai fili ya ƙi, ai sai a ja gidan a kai wani wuri. Da wuya. Dole a kira masu lasisin jigila, a raba gida mai faɗi biyu, a yanke ruwa da lantarki, a nemi izinin bin hanya, a wasu jihohi kamar Karolina ta Arewa har da izini daga ofishin haraji, sannan a sake girkewa a duba. Kuɗin yakan kai dubban daloli, tsohon gida kuma ba lallai ya isa lafiya ba. Shi ya sa mafi yawansu inda aka fara ajiye su nan suke tsufa.

Ranar sallamawa

Kafin a zo sa hannu, mai sayarwa yana bayyana aibin gida a rubuce: rufin da ke yoyo, daɓen da ya yi laushi kusa da banɗaki, ƙofar da ta daina rufuwa saboda gidan ya karkata. Kalifoniya tana da fom na musamman don wannan. Gidan da aka ƙera kafin 1978 kuma dokar tarayya ta wajabta a gargaɗi mai saye game da fenti mai gubar dalma. Gwani yana ƙarfafa wa mai gida gwiwa ya faɗi komai, domin aibin da aka faɗa ragin farashi kawai yake jawowa, wanda aka ɓoye kuwa kotu yake kai mutum.

A ranar kanta, jeri shi ne komai. Kuɗi suna hannun amintaccen ɗan tsakani, ba a aljihun kowa ba. Daga ciki ake fara biyan mai bashi, sai haraji, sai ragowar hayar fili, sai la'ada, abin da ya saura shi ne na mai gida. Sa hannu yana da gurbinsa, kuma sunan dole ya zo daidai da yadda yake a takarda. Gogewa ko karce na iya lalata takardar gaba ɗaya, a koma neman sabuwa. A jihohi irin su Karolina ta Arewa sai a gaban jami'in da doka ta ba ikon shaida sa hannu, don haka wanda ya yi azarɓaɓin sa hannu a teburin kicin ya ja wa kowa jinkiri.

Abu ɗaya gwani ba ya taɓa yarda da shi: a miƙa takarda da gurbin sunan mai saye a buɗe, a ce zai cike daga baya. Mai saye da bai kai takarda ofis ba ya bar tsohon mai gida da alhakin haraji da hayar fili da duk abin da ya faru a gidan. Teksas ta ba da kwana 60 a shigar da takardun, in an wuce akwai tara. Gwani ba ya jiran wa'adi. Ko dai ya kai da kansa, ko ya sa mai saye a gaba su tafi tare, sannan ya sanar da kamfanin inshora da na lantarki da na ruwa, ya ba kowane ɓangare kwafin komai. Fayil ɗin ba ya rufuwa a wurinsa sai ya ga sabon suna a kundin jiha.

Abin da ya ƙara wa wannan sana'a daraja shi ne waɗanda take yi wa hidima. Mazauna ƙerarrun gidaje galibi 'yan fansho ne da ma'aikata masu ƙaramin albashi, kuma ga da yawansu gidan nan shi ne mafi girman abin da suka mallaka a duniya. Kuɗin cinikin bai kai ya ja hankalin manyan lauyoyi ba, amma kuskure ɗaya ya isa ya cinye tanadin shekaru, ga shi ba su da halin zaman kotu. La'adar da gwani ke samu a irin wannan gida ba ta kai rabin ta gidan bulo a unguwar masu hali ba, alhali takardun sun fi rikitarwa. Duk da haka zai shiga ƙarƙashin gida ya karanta lamba, zai bi sawun kamfanin da ya rushe, zai zauna da magada har su fahimta. Tsohuwar da ke son ta sayar ta koma kusa da jikokinta ba ta san taswirar iska ko takardar saki ba, kuma ba sai ta sani ba. Abin da take buƙata shi ne ta faɗa hannun wanda ya sani, wanda kuma ba zai raina cinikinta don ƙanƙantarsa ba.